Hikima na Kira a Ƙofar Gari: Abin da Tuba ke Nema Daga Ma'aikacin Gwamnati

Duk shekara idan Larabar Toka ta zagayo, akan ga ma'aikata da dama suna shiga Sakatariyar Tarayya da ke Abuja ɗauke da baƙin tabo mai siffar gicciye a goshi. Wasu tun da asuba suka biya ta cocin Katolika da ke Area 3 a Garki, wasu kuwa a majami'un Kubwa, Karu, Nyanya ko Mararaba aka shafa musu kafin su shiga cunkoson hanya. Tokar ta ganyen dabinon da aka riƙe ne a Lahadin Dabino ta shekarar da ta gabata, kuma ita ce alamar shiga kwana 40 na azumi da addu'a, ban da ranakun Lahadi, har zuwa Ista. Mabiya Katolika da Angilika da Metodis na daga cikin masu kiyaye wannan lokaci, yayin da majami'u da yawa na Fentikos suke ware nasu kwanakin azumin a farkon shekara.

Saƙon da ake ji daga bagade a irin waɗannan ranaku guda ne: Allah yana kira, a saurara, a juyo. Sai dai tambayar da ta fi shafar wanda ke da tebur da hatimi ita ce, a ina ake amsa wannan kira? Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito tun 1932, ya ba da amsa mai nauyi ga duk mai riƙe da amanar jama'a. Wurin da ya fara ajiye kiran shi ne inda ake yanke hukunci, ake karɓar haraji, ake ba sarki shawara.

Littafin da ma'aikatan fada suka kwafa

Surar farko ta Littafin Karin Magana ta siffanta hikima a matsayin mace mai ɗaga murya a tituna da dandali da kuma ƙofar gari. Mai karatu na yau zai iya wucewa bai lura da nauyin wannan wuri na ƙarshe ba. A biranen Isra'ila ta dā, ƙofar gari ita ce kotu, ita ce majalisa, ita ce ofishin rajista. A nan dattawa ke zama su raba gardama, a nan ake ƙulla cinikin gona a gaban shaidu, a nan gwauruwa da maraya ke kawo ƙara. Da a ce yau ake rubuta surar a Abuja, da wurin da za a ambata bai wuce tsakanin sakatariya da majalisa da harabar kotu ba.

Littafin kansa ya bar shaidar hannun da ya bi ta ciki. Farkon sura ta 25 ya bayyana cewa mutanen Hezekiya, sarkin Yahuza, ne suka kwafi karin maganar da ke biye, wato magatakardan fada. Masana Tsohon Alkawari sun daɗe da lura cewa wani sashe da ya fara daga sura ta 22 yana da kama ta kusa da wata tsohuwar koyarwar Masar da ake jinginawa ga Amenemope, wadda aka tsara don tarbiyyar matasa masu shiga aikin hukuma. Shi ya sa littafin ya cika da zancen ma'aunin algus, shaidar zur, toshiyar baki, ture iyakar gonar maraya, da yadda ake kame kai a gaban abincin mai mulki. Darussa ne na wanda zai riƙe alƙalami a madadin wasu.

Hikimar ta ambaci mutane iri uku da take yi wa magana: marasa wayo da ke son zama cikin rashin sani, masu ba'a da ke jin daɗin raina gargaɗi, da wawaye masu ƙin ilimi. Duk wanda ya yi shekaru a aikin gwamnati ya san fuskokinsu. Akwai mai sa hannu a takarda ba tare da ya karanta ba, domin ya gwammace kada ya sani. Akwai mai dariya idan aka ambaci ƙa'ida, yana cewa haka aka taras, haka za a bari. Akwai kuma wanda ya sani sarai amma ya toshe kunne. Dukansu an yi musu tayi ɗaya, cewa idan suka juyo za a buɗe musu fahimta. An kuma haɗa tayin da kashedi, cewa ranar da masifa ta taso kamar guguwa, za su nemi shawarar da suka ƙi, su rasa. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Hadimai biyu, sarki ɗaya

Labarin tuba mafi shahara a Tsohon Alkawari labari ne na ofis. Littafin Sama'ila na biyu, sura ta 11 da ta 12, ya ba da labarin yadda Sarki Dawuda ya ɗauki Batsheba, matar sojansa Uriya, sa'an nan ya nemi rufe abin da ya faru. Da dabarunsa suka ci tura, sai ya rubuta wa Yowab, babban hafsan sojojinsa, wasiƙa cewa a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi, a janye a bar shi. Uriya da kansa ya kai wasiƙar. Yowab ya karanta, ya aiwatar, ya aiko da rahoto. Bai tambayi dalili ba. Umarni ne daga sama, shi kuwa ɗan aike ne.

Mutum na biyu shi ne Annabi Natan, wanda shi ma yake da damar shiga gaban sarki. Bai shiga da hargowa ba. Ya kawo zancen kamar ƙara: wani attajiri mai garke ya yi baƙo, maimakon ya yanka daga nasa, sai ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta maƙwabcinsa matalauci. Dawuda ya fusata, ya yanke hukunci cewa a biya ninki huɗu. A nan ne Natan ya nuna masa cewa shi ne attajirin. Sarkin bai kori annabin ba, bai kuma nemi wanda ya tsegunta maganar ba. Ya amsa laifinsa. Zabura ta 51, wadda ake karantawa a majami'u da yawa ranar Larabar Toka, da wannan lamari ake danganta ta.

Ga masu taimaka wa ministoci da 'yan majalisa da manyan sakatarori, labarin yana da kaifi biyu. Hausawa na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ko da karin maganar ta sassauta wa sarki fiye da kima, ta kama wata gaskiya: babu umarnin zalunci da ke aiwatar da kansa. Sai an sami mai tsara takardar, mai buga ta, mai kai ta, da mai yin shiru. Tubar Dawuda ta samu ne domin akwai mutum ɗaya a fadar da ya fi tsoron Allah a kan tsoron rasa gindin zama, wanda kuma ya san yadda ake faɗa wa mai mulki gaskiya ta hanyar da zai iya haɗiyewa.

Jikan Dawuda, Rehobowam, ya nuna ɗaya gefen. Littafin Sarakuna na ɗaya, sura ta 12, ya ce jama'a sun same shi a Shekem suna roƙon ya rage musu nauyin aikin tilas da mahaifinsa Sulemanu ya ɗora musu. Ya nemi kwana uku. Dattawan da suka yi aiki da mahaifinsa suka ba shi shawara ya sassauta. Samarin da suka tashi tare da shi suka ce ya ƙara tsanantawa, kada a raina shi. Ya bi ta samarin, kabilun arewa suka balle, mulkin ya tsage biyu. Akwai wani ɗan bayani da ba a cika tsayawa a kansa ba: wanda ya fara rasa ransa shi ne Adoram, jami'in da ke kula da aikin tilas, wanda sarki ya aika wurin fusatattun jama'a suka jejjefe shi. Sarkin ya hau karusarsa ya tsere zuwa Urushalima. Mugunyar shawara a fada ake ƙulla ta, amma ƙaramin jami'in da ke bakin aiki ne ke fara biyan kuɗinta.

Tuba mai lissafi

Kalmar da Ibraniyanci ya fi amfani da ita wajen tuba tana nufin juyowa ne, kamar matafiyin da ya gane ya ɓata hanya ya komo da baya. Ta Helenanci a Sabon Alkawari kuwa tana nufin sauyin tunani. Babu ɗaya daga cikinsu da ta tsaya a kan hawaye.

Bisharar Luka, sura ta 3, ta nuna yadda Yahaya Maibaftisma ya fassara wannan ga mutanen da suka fito wurinsa a bakin Kogin Urdun. Daga cikinsu har da rukuni biyu na ma'aikatan hukuma. Masu karɓar haraji suka tambaye shi abin da za su yi, ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji suka tambaya, ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Bai ce wa kowa ya ajiye aiki ya koma jeji ba. Ya mayar da kowa kan teburinsa da ƙa'ida a hannu.

A sura ta 19 kuma ga Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. A ƙarƙashin mulkin Romawa, karɓar kuɗin fito kwangila ce: mutum ya biya hukuma abin da aka yanka, ya tatsi ribarsa daga jama'a. Da Yesu ya sauka a gidansa, Zakka ya tashi a gaban mutane ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, da mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Wannan lissafi yana da tushe. Dokar Musa a Littafin Fitowa ta ce wanda ya saci tunkiya ya yanka ko ya sayar zai biya huɗu, ɓarawon sa kuwa ya biya biyar. Littafin Ƙidaya ya ce wanda ya amsa laifinsa zai mayar da abin da ya ci, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Zakka ya zaɓar wa kansa ma'aunin da ya fi tsanani. Bayan wannan furuci ne Yesu ya ce ceto ya shigo gidan.

Ikkilisiyoyi sun bambanta a abubuwa da yawa, amma a nan sun yi kusa da juna. Dukansu sun yarda cewa gafara kyauta ce ta alherin Allah ta wurin Almasihu, ba a sayenta da kuɗi. Koyarwar Katolika ta ƙara da cewa wanda ya ci dukiyar wani wajibi ne ya mayar, furta zunubi a gaban Fada bai ɗauke masa wannan nauyi ba. Cocin Deeper Life, wadda Fasto William Kumuyi ya faro a matsayin ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a Legas a 1973, ta sa mayar da haƙƙi cikin ginshiƙan koyarwarta. A majami'un da ke sujada da Hausa, irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN, akan kira shi 'ya'yan tuba, wato abin da ke nuna itacen yana da rai. Abokin aiki Musulmi da ke tebur na gaba ba zai ji wannan baƙo ba, domin a wurinsa ma mayar da haƙƙin mutane sharaɗi ne na karɓar tuba.

Addu'a ta yi yawa, doka ta yi yawa

Ba za a ce Nijeriya ta rasa masu kira ba. A 1995 bishop-bishop na Katolika suka tsara addu'a ta musamman domin ƙasa mai cikin ƙunci, a 1998 kuma suka ƙara wata a kan cin hanci da rashawa, waɗanda aka yi shekaru ana karantawa bayan sujada. A 1996 tsohon Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gowon ya kafa ƙungiyar Nigeria Prays. A 2005 aka kammala Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa a tsakiyar Abuja, inda akan yi sujadar ranar 'yancin kai da ta tunawa da 'yan mazan jiya, manyan ƙasa a sahun gaba.

Ta fuskar doka ma haka abin yake. An kafa ICPC a 2000, EFCC ta fara aiki a 2003. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta wa jami'in gwamnati bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin sauka. An ɓullo da tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007 domin toshe kafar ma'aikatan bogi, an tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, a Disamban 2016 kuma aka fito da tsarin ba masu tona asiri ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shinge ne da aka gina domin ba a amince zuciya za ta tsare kanta ba.

Shingen kan kama wasu, kuma sunan addini bai taɓa zama kariya ba. A 2018 kotu a Abuja ta ɗaure tsofaffin gwamnoni biyu, Jolly Nyame na Taraba, wanda limamin coci ne, da Joshua Dariye na Filato, kowanne shekara 14, bisa karkatar da kuɗin jama'a. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage wa'adin, sa'an nan a Afrilun 2022 aka yi musu afuwa bayan zaman Majalisar Ƙoli ta Ƙasa. Abin da ke zuciyar kowane mutum Allah ne masani. Darasin da lamarin ya bari ga masu bi shi ne cewa afuwar hukuma da tuba abubuwa biyu ne daban. Afuwa tana buɗe ƙofar kurkuku da sa hannun mutum ɗaya. Tuba kuwa tana tambayar inda kuɗin yake, da wanda aka hana.

Annabi Ishaya, a sura ta 58, ya yi magana da mutane masu yawan azumi da ke ƙorafin cewa Allah bai kula da su ba. Amsar da aka ba su ita ce a ranar azumin nasu ma suna danne ma'aikatansu. Azumin da aka nema daga gare su shi ne kwance sarƙar zalunci, ciyar da mayunwaci, da suturta wanda ba shi da tufa. A harshen ofis, wannan na iya zama fayil ɗin giratutin tsohon malami da ya yi wata shida a cikin durowa yana jiran na goro, ko takardar ƙarin girman da aka ɓoye domin mai ita ba ɗan gida ba ne, ko kuɗin ɗan kwangilar da ya gama aiki amma aka ce sai ya ga wani.

Kuɗin da gaskiya ke ci

Rashin adalci ne a yi wannan magana kamar babu tsada a cikinta. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota daga Mararaba ko Kubwa ko Lugbe zuwa cikin gari ya cinye kaso mai yawa na albashin ƙananan ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai kai ya riƙe haya da abinci da kuɗin makaranta a Abuja ba. Masinja ko akawun da aka ce albashinsa ya ishe shi yana da damar tambaya ko mai wa'azin ya san farashin mudun shinkafa. Littafin da ya ce wa soja ya ƙoshi da albashinsa shi ne kuma ya hana kwana da ladan ɗan ƙodago, Wasiƙar Yakubu ma ta ce ladan da aka danne yana kuka har gaban Ubangiji. Saboda haka kiran ya fi nauyi a kan masu tsara kasafi da masu sakin kuɗi fiye da mai ɗaukar fayil.

Duk da haka, wanda ya daina karɓa zai ji a jikinsa. Za a iya cire sunansa daga tafiye-tafiyen da ke da alawus, a mayar da shi sashen da babu motsi, a riƙa yi masa kallon ɗan leƙen asiri. A gida ma dangin da suka saba da buɗaɗɗen hannunsa za su ce ya sauya. Littafin Daniyel ya san wannan. Daniyel na ɗaya daga cikin manyan jami'ai uku da ke sa ido a kan hakimai 120 na daular. Abokan aikinsa suka binciki ayyukansa ciki da waje ba su sami ha'inci ko sakaci ba, sai suka ƙulla masa tarko ta hanyar addininsa. Tsabtar hannunsa ba ta hana a jefa shi ramin zakuna ba. Abin da aka yi wa mai jin kiran hikima alkawari a ƙarshen surar farko ta Karin Magana shi ne zama lafiya ba tare da fargaba ba. Wanda ya taɓa ganin yadda ofis ke yin tsit idan takardar gayyata ta iso daga masu bincike ya san darajar wannan kwanciyar hankali.

Limamai masu ba da shawara a kan mayar da haƙƙi sukan fara da abin da ke kusa. Mataki na farko shi ne dainawa, tun daga yau. Na biyu shi ne sakin abin da ke hannu: a sa hannu a fayil ɗin, a tura takardar, a gyara rahoton ƙarya da aka rubuta a kan wani. Na uku shi ne lissafi, a zauna a rubuta wa aka cuta da nawa. Inda mai haƙƙin sananne ne a mayar masa, inda dukiyar ta jama'a ce a nemi shawarar lauya da ta shugaban ikkilisiya mai riƙon amana a kan hanyar mayar da ita baitulmali. Abin da ba ya cike gurbin wannan shi ne zuba kuɗin a asusun ginin majami'a. Baiko daga kuɗin fanshon wani bai zama na mai bayarwa ba balle ya miƙa wa Allah.

Lokaci yana da iyaka

Aikin gwamnati ya san wa'adi fiye da kowace sana'a. Ma'aikaci zai ajiye aiki idan ya kai shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki. Babban sakatare yana da shekara huɗu da za a iya sabuntawa sau ɗaya, darakta yana da takwas. Hadimi kuwa wa'adinsa ranar da maigidansa ya sauka ne, wani lokaci ma a rediyo zai ji. Sarki goma, zamani goma.

Kashedin da hikima ta yi a ƙofar gari ya dace da wannan lissafi. Ƙofar jinƙan Allah a buɗe take muddin da numfashi, kamar yadda ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya shaida. Amma ikon gyara abin da aka ɓata yana tafiya tare da kujera. Wanda ya yi ritaya zai iya yin kuka a kan sunan da ya cire daga jerin masu cancanta, sai dai ba shi da sauran alƙalamin da zai mayar da shi. Tsohon da ke jiran haƙƙinsa ma ba lallai ne ya kai shekara mai zuwa ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, in ji Hausawa, kuma mafi sauƙin lokacin gyaran shi ne sa'ad da mabuɗin durowar yake hannun mai ita.